Shiga Aji Ba Zubar da Aji Ba Ne: Darasi Kan Niyya da Motsa Jiki Cikin Rukuni

 

Kafin mu shiga darasin yau, in kana ɗaki ɗan leƙa ƙarƙashin gado, naka ko na rum-met ɗinka. Da wuya ba ka ga kambas ba. An saye shi da zafi-zafi a farkon simesta, an sa shi sau huɗu ko biyar, yanzu ƙura ta rufe shi. Ni ma na yi irin nawa. Ina ND 1 na sayo shi a gwanjo, na sha alwashin zagaya filin ƙwallo sau goma kullum da safe. Ranar farko na yi takwas. Ta biyu na yi biyar. Ta uku cinyoyina suka riƙe, ko matakalar aji sai da na dafa bango kafin na hau. Ta huɗu aka sa mana tes, na ce bari a wuce tes tukuna. Wannan "tukuna" ɗin ta kai ni shekara guda cur.

Duk tsawon shekarar nan, kusan kullum da sassafe ina jin sautin sifika daga fili, inda wasu ɗalibai ke haɗuwa suna motsa jiki tare, koci yana ƙirga musu. Ban taɓa zuwa ba. In an yi mini tayi sai in ce, "Haba, ni da girmana in je ina tsalle-tsalle ana kallona?" Ashe abin da nake gudu shi ne maganin matsalata. A kan wannan darasin yau zai tsaya: me ya sa niyya kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, me ke hana mu maza shiga ajin motsa jiki, kuma wane irin rukuni ne yake riƙe mutum har ya ɗore. 'Yan uwa mata ku biyo mu, akasarin maganar ta shafe ku, amma yau dai da maza nake.

Nawa jiki yake bin ka?

Mu fara da ma'auni, don kada mu yi ta magana a iska. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce baligi ɗan shekara 18 zuwa 64 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Ban da wannan, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Minti 150 ɗin nan in ka raba, minti 30 ne sau biyar. Rubu'in lakcar awa biyu ke nan a rana.

Yaya za ka bambance matsakaici da mai tsanani ba tare da na'ura ba? Bakinka ne ma'auni. In kana motsa jiki kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici kake yi. In kuwa ba ka iya faɗin kalmomi kaɗan sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani.

Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa wannan ma'auni. A cikin mata kashi 34 ne, a cikin maza kashi 29. Wato a kowane maza goma, kusan uku na cikin wannan lissafi. Kafin ka ce ba ka ciki, duba yininka: zaman lakca daga takwas zuwa huɗu, Keke daga get zuwa dipatmen, da dare kuma kwance da waya har ƙarfe ɗaya. Masu shiga wokshof za su ce ai su a tsaye suke yini. Tsayuwa ta fi zama, gaskiya ne, amma ba ta sa zuciya ta yi aikin da ake magana a kai.

Kuma maganar ba ta sikis-fak ba ce. Hawan jini yakan shigo ba sallama, mutum yana yawo da shi shekaru bai ji komai ba. Motsa jiki yana rage haɗarinsa da na ciwon suga da na zuciya, yana gyara barci, yana rage damuwa da ƙuncin rai. Mai HND kuma ya tuna akwai sansanin bautar ƙasa na mako uku yana jiransa, inda za a tashe shi tun duhu a fito fareti. Mai burin shiga soja ko ɗan sanda, takardarsa ba za ta yi masa gudu ba ranar tantancewa.

Niyya wutar kara ce

Yawancinmu mun ɗauka wanda ya ɗore da motsa jiki ya fi mu ƙarfin niyya ne. Saboda haka sai mu zauna jiran ranar da zuciya za ta motsa. Ka kalli bidiyon wani ƙato yana ɗaga ƙarfe, ko wata ta yi maka ba'a kan tumbi, sai ka ji jini ya hau, gobe da asuba ka fita da gudu. Wannan zafin wutar kara ne. Takan tashi da ƙarfi, amma ba ta dafa tuwo.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya ci gaba da abu ba tare da an tsaya a kansa ba. Sun raba ƙwarin gwiwa gida biyu: wanda ke zuwa daga waje, kamar yabo ko tsoron gori, da wanda ke fitowa daga ciki, wato kana yin abu ne don kana jin daɗinsa ko ka ɗauke shi naka. Na ciki shi ne mai ɗorewa, kuma a cewarsu yana rayuwa ne a kan abu uku: ka ji kai ka zaɓa ba tilasta maka aka yi ba, ka ji kana ƙara iyawa, ka kuma ji kana tare da mutane. Duba ni da kambas ɗina. Na farkon kaɗai nake da shi. Ban ji ina iyawa ba, tunda na ɗora wa kaina zagaye goma daga ranar farko. Babu kuma wanda ya san na fita, balle ya san na daina.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, don a kan ɗalibai aka yi shi. A Birtaniya aka wallafa shi a 2002, da ɗalibai 248 da aka raba kashi uku. Kashin farko an ce su dai rubuta duk lokacin da suka motsa jiki. Na biyu an ƙara musu da bayanin haɗarin ciwon zuciya da amfanin motsa jiki, wato an yi musu wa'azi. Na uku sun sami wannan bayanin, sannan aka sa su rubuta rana da lokaci da wurin da za su yi motsa jiki mai ƙarfi na aƙalla minti 20. Sakamako: a kashin farko kashi 38 cikin 100 ne suka yi ko sau ɗaya a mako, a na biyu kashi 35, a na uku kashi 91. Ka ga abin mamaki? Wa'azin ya ƙara musu niyya, amma bai fitar da su daga ɗaki ba. Rana da lokaci da wuri su suka fitar da su.

To ajin motsa jiki abin da yake ba ka ke nan tun kafin ka ɗaga ƙafa. Ranar a yanke take, lokacin a yanke, wurin a yanke. Ba sai ka tashi kana gardama da bargo kan yau za a je ko gobe ba. Kwatanta da lakcar ƙarfe takwas da ake ɗaukar atandans. Kana zuwa don shauƙi ne? Ina! Kana zuwa ne don tana kan jadawali, kuma za a san ba ka zo ba.

Uzurorinmu guda uku

Uzuri na farko: "Ai erobik ta mata ce." Bari mu duba tarihinta. Wanda ya fito da wannan suna a fagen motsa jiki likita ne a rundunar sojin saman Amurka, Kenneth Cooper, da littafinsa da ya fito a 1968, kuma a kan sojoji ya gina ma'auninsa. Daga baya aka haɗa tsarin da kiɗa da rawa, har bidiyon 'yar fim Jane Fonda na 1982 ya karaɗe duniya, daga nan hoton erobik a zukatan mutane ya koma na mata. Zumba da ake yi a gidajen motsa jiki yau, namiji ne ya ƙirƙiro ta, Beto Pérez ɗan ƙasar Kolambiya. A Japan tun 1928 ake sa motsa jikin safe a rediyo, yara da tsofaffi da ma'aikatan masana'antu suna bi tare, babu wanda ya ce aikin mata ne.

Mu dawo gida ma. Mene ne gayya? Samari ne a jere kowa da kuyyarsa, gangar noma tana tashi, ana tafiya da amo ɗaya. Langa ƙungiya-ƙungiya ake yin ta. Kakanninmu ba su taɓa ganin haɗa jiki da kiɗa cikin taro a matsayin raini ba. Wanda ya noƙe a gayya shi ake yi wa dariya, ba wanda ya shiga layi ba.

Akwai wanda zai ce shi damuwarsa cakuɗuwar maza da mata ce, ko irin shigar da ake yi. Wannan magana ce mai ma'ana, ba na raina ta. Amma maganinta ba komawa kan katifa ba ne. A yi rukunin maza daban, na mata daban, kowa da lokacinsa. Dogon wandon wasanni da riga mai faɗi sun isa, babu atisayen da za su hana ka.

Uzuri na biyu: "Ni ƙwallo nake bugawa," ko "Ni ƙarfe nake ɗagawa." Madalla, kada ka daina. Amma yi wa kanka adalci. Ƙwallon yamma da ake sahu-sahu, ka shiga minti goma a cire ku, sau ɗaya a mako, ba ta kai 150 ba. Mai ɗaga kankare a bayan hostal kuma yana gina ƙirji da damtse ne, zuciya da huhu suna jiran nasu kason. Shi ya sa za ka ga ƙato mai damtse ya shiga aji, minti bakwai ya dafa gwiwa yana haki, wani siriri yana ci gaba.

Wannan hakin kuwa shi ne uzuri na uku, wanda ba ma faɗa a fili: tsoron a ga gazawarka. Namiji ya fi son a ce ba ya yi da a ce ya gwada ya kasa. Akwai kuma tabon da muka taso da shi. Da yawanmu a sakandare muka fara haɗuwa da motsa jiki, kuma a matsayin horo: tsallen kwaɗo, kamun kunne, zagaya fili don ka makara, siniya yana tsaye da bulala, sauran ɗalibai suna dariya. Ƙwaƙwalwa ta ajiye cewa gumi a gaban mutane gwale-gwale ne. Sai ka gane wannan tabon kafin ka iya tsallake shi.

Game da kallo kuwa, ga labari mai sanyaya rai. A wani bincike da Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, an sa ɗalibi ya sa riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke ganin abin kunya ne, ya shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu sa rigar sun yi hasashen kusan rabin mutanen za su lura. Da aka tambayi mutanen, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka gane hoton. Kullum muna ninka yawan idon da ke kanmu. A aji ma abin ya fi haka, don kowa yana fama da nasa numfashin, yana ƙoƙarin gane ƙafar hagu koci ya ce ko ta dama. Wa ke da lokacin kallonka?

Ba kowane rukuni ke da amfani ba

A nan gishirin darasin yake, a nutsu. Kada wani ya tashi da cewa duk inda aka taru ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya auna ƙarfin mutane wajen jan igiya, aka wallafa sakamakon a 1913. Ya gano cewa duk lokacin da aka ƙara mutane a kan igiyar, abin da kowane mutum ɗaya ke bayarwa raguwa yake. Da aka kai mutum takwas, kason kowanne ya sauko kusan rabin abin da yake ja shi kaɗai. Wani ɓangare na asarar rashin daidaita ja ne, wani kuma laɓewa ce. Mu ɗaliban poli mun fi kowa sanin wannan. A ba mutum goma asaimen na rukuni, biyu ne za su yi, takwas su kawo suna da lambar rajista.

Amma a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya ga akasin haka. Ya yi gwaji da 'yan wani kulob na tuƙin kwale-kwale a Berlin. Ya sa kowa ya riƙa ɗaga nauyi da sanda har sai ya gaji, da farko shi kaɗai, sannan su biyu a kan sanda ɗaya da aka ninka wa nauyi. Tsarin ya nuna in ɗaya ya saki, ɗayan ba zai iya ci gaba ba. Me ya faru? Wanda ya fi rauni a cikin biyun ya jure fiye da yadda ya yi shi kaɗai. Ribar kuma ta fi yawa in abokin ya ɗan fi shi ne, ba in tazarar ta yi nisa sosai ba.

Me ya raba Ringelmann da Köhler? A igiya, in ka sassauta babu mai sani. A sanda, in ka saki kowa ya gani, kuma aikin ya tsaya saboda kai. Saboda haka abin da ke sa rukuni ya yi aiki ba yawan kai ba ne. Shi ne a san da kai, a kuma buƙace ka. Taron mutum ɗari a fili wanda za ka laɓe a layin baya kana kaɗa hannu, igiyar Ringelmann ce. Rukunin da in ba ka zo ba za a ƙwanƙwasa maka ƙofa a ce, "Malam, muna jiranka fa," shi ne sandar Köhler.

Lura da wani abu kuma, musamman kai mai tsoron zama kurar baya. A gwajin Köhler mai rauni ne ya ci riba. Wurin da kake gudu, wato zama wanda aka ɗan fi, shi ne wurin da ake ƙaruwa. In kai ne gwani a rukuninku, wa zai ja ka?

Sai batun amo. A 2009 masu bincike a Jami'ar Oxford, Emma Cohen da Robin Dunbar da abokan aikinsu, sun auna 'yan tuƙin kwale-kwale 12 na jami'ar. Sun yi atisaye a kan na'ura su kaɗai, sun kuma yi tare suna tafiya da motsi ɗaya. Bayan kowane zama sai a matse musu damtse da na'urar awon jini a ga iya zafin da za su jure. Bayan atisayen tare, ƙarin juriyarsu ya kai kusan ninki biyu na wanda suka samu su kaɗai, alhali aikin iri ɗaya ne. Masu binciken sun danganta haka da sinadarin endofin da jiki ke saki, mai rage zafi da kawo nishaɗi. Wanda ya taɓa bin 'yan Man O' War sassarfa ana waƙa ana amshi zai shaida: nisan da ba za ka iya kai kaɗai ba, sai ka ga kun cinye shi ba ka ankara ba. Mai gangar noma bai san sunan endofin ba, amma ya san aikinsa.

Yadda za a kafa rukuni mai riƙe mutum

In akwai aji a makaranta, shiga shi. In babu, ko lokacinsa bai dace da kai ba, ku kafa naku. Ga abin da na ga yana aiki.

Na ɗaya, kada ku yi yawa. Mutum huɗu zuwa takwas, yadda kowa ya san sunan kowa. In cikin babban aji kuke, ku ware kanku ku riƙa tsayawa wuri ɗaya.

Na biyu, kowa ya sami abokin sanda, wanda ya ɗan fi shi, ba wanda ya yi masa fintinkau ba. Ɗan ND 1 da bai taɓa gudu ba, kada a haɗa shi da ɗan wasan makaranta.

Na uku, ku yanke kwanaki uku a mako, ku ɗaure lokacin a jikin abin da ba ya motsi. "Da safe" ba lokaci ba ne. "Litinin, Laraba da Asabar, ana idar da sallar asuba, bakin fili" shi ne lokaci. Kambas da wando su kwana a bakin ƙofa.

Na huɗu, ku tsara aikin yadda za a buƙaci kowa. Misali zagaye ba ya ƙarewa sai na ƙarshe ya iso, waɗanda suka riga su koma su raka shi. Ko a ce rukuni zai haɗa tsugunna-tashi 200, kowa ya kawo abin da zai iya a tara.

Na biyar, doka ɗaya mai tsauri: ba a yi wa sabo dariya, ba a ɗaukar bidiyon kowa a sa a guruf ko sitatus ba da izininsa ba. Dariya ɗaya takan mayar da kambas ƙarƙashin gado har a gama makaranta.

Zaman minti 35 ya isa. Minti biyar na ɗumama jiki da tafiya mai sauri da juya gaɓoɓi. Minti 25 na aiki: tsugunna-tashi, furesof, gudu a wuri ɗaya, tsallen igiya, kowanne daƙiƙa 40 a huta 20, a yi ta zagayawa tare da hutun minti ɗaya tsakanin zagaye. Minti biyar na ƙarshe a sassauta a yi miƙa. Wanda furesof ya fi ƙarfinsa ya sa gwiwa a ƙasa, ko ya dafa benci. Ba faɗuwar girma ba ce, matakin farko ne.

A kula da lafiya

Kafin ka fara, biya asibitin makaranta a auna maka jini. Mai sikila, mai asma, mai matsalar zuciya, ko wanda ya taɓa suma wajen wasa, ya ga likita tukuna. In ka ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ka tsaya nan take ka faɗa wa na kusa da kai. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Ciwon tsoka bayan atisayen farko kuwa al'ada ce. Yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa, kuma motsi kaɗan-kaɗan ya fi kwanciya taimako. Shi ne ya kore ni a ND 1, don ban san zai wuce ba. Amma zafi mai suka a gwiwa ko wata gaɓa daban ne, a duba shi.

Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a tsaya ga sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a zo da ruwa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a cikin ɗaki. Da azumi a rage nauyi, a mai da zaman bayan buɗa-baki. Abinci kuma ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba: wake, ƙosai, awara, ƙwai, gyaɗa da nono duk suna gina jiki. Ƙwaya ko allurar kumbura damtse kuwa, ka yi nesa da su. Suna illa ga hanta da zuciya, suna kuma taɓa haihuwa. Haka tiramadol don "ƙarin ƙarfi". Wanda ya kawo maka wannan ba koci ba ne.

Ranar da ka fashe

Za ka fashe, wannan ba tantama. Jarrabawa za ta zo, zazzaɓi zai zo, IT zai ɗauke ka wata da watanni. Abin da ke raba mai ɗorewa da mai dainawa shi ne abin da yake faɗa wa kansa washegari. Carol Dweck ta Jami'ar Stanford ta yi suna da bambance tunani iri biyu: mai ganin iyawa halitta ce, ko kana da ita ko ba ka da ita, da mai ganin iyawa koyo ce. Na farko in ya fashe sai ya ce, "Dama ni ba ɗan wasanni ba ne." Na biyu ya ce, "Jiya ban zo ba, yau ina nan." Mun san wannan a karatu. Keri-oba ɗaya ba ta sa mai hankali ya tattara kayansa ya koma gida.

Kuma kada wanda ya ruɗe ka da cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bibiyi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya zama jiki shi ne kwana 66, wasu kwana 18, wasu lissafi ya nuna sai sun kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rusa tafiyar ba. Saboda haka in ka yi wata guda har yanzu tashi yana yi maka nauyi, ba abin da ya same ka. Ka ba abin simesta guda. Dokar da muke bi a rukuninmu ita ce: fashi ɗaya uzuri ne, amma kada a jera biyu.

Aikin gida

Darasi ba ya cika sai da asaimen. Na ɗaya, kafin Juma'a ka nemo mutum uku, ku rubuta kwanaki da lokaci da wuri a takarda, a manna a bayan ƙofa. Na biyu, a zamanku na farko ku yi gwajin minti 12 na Cooper: a sa agogo, kowa ya ga nisan da zai ci, da gudu ko da tafiya ko a haɗa, gwargwadon ƙarfinsa. Cikakkiyar hanyar tsere mita 400 ce, in babu ku ƙirga zagayen filin ƙwallo. Kowa ya rubuta nasa. Na uku, bayan mako shida ku maimaita. Kada ka kwatanta lambarka da ta kowa, sai da taka ta farko.

Kira kuma ga daraktan wasanni na ƙungiyarmu da wakilan hostal-hostal: a taimaka da jadawali na dindindin, lokacin maza da lokacin mata, da sa'a ta musamman ga sababbi. Ba sai an jira kayan miliyoyi ba. Fili, usur da sifika sun isa a fara.

Ni dai a ND 2 rum-met ɗina ya gaji da surutuna, wata Laraba ya ɗauko kambas ɗin ya kaɗe ƙura ya ajiye mini a ƙirji ina kwance. Na tsaya layin baya, na yi haki, na rikita hagu da dama. Ba wanda ya kula. Ranar Asabar da na makara, mutum biyu suka zo har ƙofa. Shi ke nan fa, tun daga ranar ban sake jiran niyya ba.

Sai mun haɗu a fili. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.